Yadda ake shirya ranar atisaye a filin tsere domin sababbin masu motocin gudu

A ranar 30 ga Nuwamban 2013, wata mota ƙirar Porsche Carrera GT ta ƙwace a kan wani titi na garin Santa Clarita da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, ta daki turken fitila da bishiyoyi, nan take ta kama da wuta. Mutum biyu ne a cikinta, kuma babu wanda ya fita da rai: tauraron fina-finan Fast & Furious, Paul Walker, da abokinsa da ke riƙe da sitiyari. Masu bincike sun gano cewa motar na gudun tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a sa'a ɗaya a wurin da doka ta ƙayyade kimanin 72, sannan tayoyinta sun kai shekara tara da ƙerawa. Direban kuwa gogagge ne, ya saba shiga gasar tsere. Abin da titin bai ba shi ba shi ne sarari: da motar ta zame, sai ta tarar da turke da itace a tsaye a bakin hanya.

Idan haka ta faru da gwani, ina ga wanda ya karɓi makullin irin wannan mota makon jiya? Mafi ƙanƙantar samfurin Porsche 911 na wannan zamani yana da ƙarfin dawaki kusan 400, yana kai gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai, kuma ƙarshen gudunsa ya doshi kilomita 300 a sa'a. Babu wata jarrabawar lasisin tuƙi da ke koya wa mutum abin da zai yi da irin wannan ƙarfi. Kuɗi ne ke sayen motar, ƙwarewa kuwa ba ta cikin cinikin. Wannan giɓi ne ya haifar da wata al'ada da ta yi ƙarfi a Birtaniya da Jamus da Amurka: a kama hayar filin tsere na yini guda, a buɗe shi ga masu motocin gida, su koyi tuƙi da gudu a wurin da babu mai tsallaka titi, babu mota mai tahowa ta gaba, kuma an bar fili da tsakuwa a bayan kowace kwana domin tare motar da ta kauce.

Masu shirya wannan rana iri-iri ne. Akwai masu filayen da kansu, kamar kamfanin MotorSport Vision na Jonathan Palmer, likita kuma tsohon direban Formula 1, wanda ya karɓi ragamar filayen Brands Hatch da Oulton Park da Snetterton da Cadwell Park na Ingila a 2004. Akwai ƙungiyoyin masu mota iri ɗaya, irin su Porsche Club of America da aka kafa a 1955, waɗanda ke haɗa kuɗi su kama fili, tsofaffin membobi su koyar da sababbi. Akwai kuma kamfanonin ƙera motocin: Porsche ta buɗe cibiyar horar da masu sayen motocinta a Silverstone a 2008, inda ake jiƙa kwalta da gangan a sa motar ta zame, domin mai ita ya fara sanin ɗanɗanon zamewa a gudun da ba zai cutar da shi ba.

Dokar da ta fi kowace nauyi

Duk wanda ya ji an ce filin tsere, tsere zai fara kawowa a ransa. Masu shirya ranar atisaye kuwa da wannan tunani suke fara yaƙi. Babu na ɗaya, babu na biyu, babu kofi. A Birtaniya an hana auna lokacin zagaye a irin waɗannan ranaku, kuma wanda aka kama da agogo a hannun abokinsa a bakin fili yana iya rasa sauran yininsa. Dalili na farko na inshora ne, domin da zarar an fara auna lokaci taron ya koma gasa, ya fita daga sharuɗɗan da aka ba shi izini a kansu. Dalili na biyu ya shafi halin ɗan Adam. Mutumin da ya san ana ƙirga masa daƙiƙa zai jinkirta taka birki, ya ƙara mita goma, ya ƙara wasu goma, har ya iso wurin da motar ba za ta tsaya ba.

Daga nan sai dokar wuce mota. Ba a wuce kowa a cikin kwana, ba a kuma wuce shi a wurin da yake taka birki. Sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka ayyana tun da safe, kuma sai na gaba ya yarda. A Birtaniya yana nuna yardarsa ne ta kunna sigina ya matsa gefe, a Amurka kuwa yakan fito da hannu ta taga ya nuna gefen da za a bi, ya kuma ɗan sassauta totur domin na baya ya wuce da wuri. Wannan sassautawa tana da wuyar haɗiya ga mai babbar mota. Sau da yawa ƙaramar Mazda MX-5 a hannun wanda ya iya takan cim ma mota mai ninkin ƙarfinta uku a kowace kwana, sai a miƙe babbar ta tsere mata, a kwana ta gaba ta sake tare ta. Abin da malamai ke faɗa wa sababbi shi ne, motar da ta bayyana a madubinka alhali ɗazu ba ta nan, ta fi ka sauri a zagayen gaba ɗaya, ka ba ta hanya.

Saboda wannan bambanci na ƙwarewa ne ake raba mahalarta rukuni-rukuni. Tsarin da aka fi sani shi ne rukuni uku, na sababbi da na matsakaita da na gogaggu, kowanne ya samu minti 20 a cikin kowace sa'a. Akwai wani tsarin da ake barin ƙofa a buɗe, kowa ya shiga ya fita lokacin da ya ga dama, kuma gogaggu sun fi son sa. Ga sabon shiga, na farkon ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Minti 20 na cikakken tattara hankali sun isa su gajiyar da wanda bai saba ba, minti 40 na hutu kuma suna ba birki damar hucewa, shi ma direban ya sha ruwa, ya tauna abin da aka gaya masa. Mai shiri na kirki yakan kuma taƙaita yawan motocin da za su shiga fili a lokaci guda, ko da hakan zai rage masa riba.

Zaɓen filin ma ba ƙaramin abu ba ne. Brands Hatch yana da daɗin kallo, amma kwanarsa ta farko, Paddock Hill, tana gangarawa ne kamar an faɗa kwari, direba bai ganin ƙarshenta sai ya shiga. Filayen da aka gina a kan tsofaffin filayen jiragen sama sun fi yi wa ɗan koyo afuwa, domin shimfiɗaɗɗu ne, ana hango nesa, kuma shinge na can baya. Bedford Autodrome irinsu ne. Shi kansa Silverstone, inda aka yi gasar farko ta kambin duniya na Formula 1 a ranar 13 ga Mayun 1950, sansanin jiragen yaƙi ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shirin motar yana farawa ne makonni kafin ranar. Ƙungiyoyin Amurka sukan aika wa kowane mahalarci takardar duba mota, wadda bakanike zai cike ya sa hannu. Abin da ke kan gaba a cikinta shi ne birki, domin shi ne ya fi shan wahala a fili, fiye da inji. Duk lokacin da mota ta rage gudu, ƙarfin tafiyarta yana komawa zafi ne a faifan birki, kuma wannan ƙarfi yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Tsayawa daga kilomita 200 ke nan tana zuba wa birki zafin da ya ninka na tsayawa daga kilomita 100 har sau huɗu, kuma a fili ana maimaita hakan sau da dama a kowane zagaye.

Man birki yana da wata ɗabi'a da masu mota da yawa ba su sani ba: yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Sabon mai na ajin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma idan ya tsufa ya sha ruwa, wannan mizani yana sauka zuwa wajen digiri 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututun, tururi kuwa matsuwa yake yi, don haka direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ba ta ko gezau ba. A gudun kilomita 200, mota na cinye mita 55 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa sauya man birki kafin ranar yake cikin sharuɗɗan ƙungiyoyi da dama.

Taya ita ce ta biyu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙera ta, kuma roba tana ƙeƙashewa da tsufa ko da zanenta bai goge ba, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunnen direbobin Najeriya. Motocin gudu sun fi faɗawa wannan tarko, saboda yawancinsu a gareji suke kwana, ba a fita da su sai jefi-jefi, sai taya ta yi shekaru tana sheƙi kamar sabuwa. A cikin fili kuma iskar taya tana hawa da zafi, don haka bayan zagayen farko ake aunawa a rage. Sauran abubuwan ƙanana ne: a duba bakin mai da ruwan inji, a ƙara ɗaure notunan ƙafa, a ɗaura ƙugiyar da za a ja motar da ita idan ta maƙale, a kwashe duk wani tarkace daga ciki. Gorar ruwa ɗaya da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo masifa.

Da sassafe ake rajista. Mahalarci zai nuna lasisinsa, ya sa hannu a takardar amincewa da haɗarin da ke cikin abin, a duba hular kwanonsa, a tabbatar tufafinsa sun rufe hannu da ƙafa. Sai a kai motar wurin awon ƙara, inda ake kara na'ura rabin mita daga bakin salansa, a ɗaga inji zuwa kashi uku cikin huɗu na ƙarfin juyinsa. A filayen Birtaniya iyakar takan kama daga desibel 98 zuwa 105, gwargwadon fili da rana, kuma motar da ta haura an gama da ita, komai nisan da mai ita ya taso. Mai karatu na iya ganin wannan tsanani ya yi yawa, amma filayen suna da hujja. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta taƙaita ranakun hayaniya na filin Croft zuwa 40 a shekara, bayan maƙwabta sun kai ƙara. Filin da bai tsare kunnen maƙwabtansa ba yana iya rasa sana'arsa.

Bayan haka sai zaman jan kunne, wanda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa, ko da ya halarci irinsa sau hamsin. A nan ake bayanin tutoci, domin su ne harshen da jami'an bakin fili ke magana da direba. Rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a sassauta, kada a wuce kowa. Ja na nufin an dakatar da zagayen, kowa ya rage gudu ya bi umarnin da aka bayar da safe. Mai ratsin ja da rawaya na nuna mai ko ruwa ya zuba a kwalta. Shuɗiya tana ce wa direba ya duba madubi, baƙa kuma kira ne gare shi shi kaɗai ya shigo, ko dai motarsa na yoyo ko kuma tuƙinsa bai gamsar ba. Wanda ya halarci zaman ne kaɗai ake ɗaura wa alama a wuyan hannu, da ita ake buɗe masa ƙofa. Ba a kuma buɗe ta sai motar asibiti da janwe suna wurinsu. Zagayen farko a jere ake yin sa a bayan motar jagora, a hankali, domin ido ya san inda kwanoni da rumfunan jami'ai suke.

Malami a kujerar gefe

Duk abin da aka ambata kariya ce. Koyon kansa yana faruwa ne idan malami ya shiga ya zauna kusa da direba. A ƙungiyoyin Amurka ba a barin sabon shiga ya fita shi kaɗai sai malaminsa ya sa hannu cewa ya isa. A Birtaniya sau da yawa zaɓi ne da ake biya daban, kuma a nan ne mutane ke yin tsimin da ba shi da amfani: mai motar miliyoyi ya ƙi biyan kuɗin minti 20 na darasi.

Abin da malamin ke fara gyarawa shi ne ido. Direban gari ya saba kallon bayan motar da ke gabansa, a fili kuwa dole ne ido ya riga mota isa wurin da za ta je, domin hannu yana bin ido ne. Wanda ya tsorata ya ƙura wa shinge ido, shingen zai nufa. Sai kuma layin da ake bi a kwana: a taho ta gefen waje, a gama taka birki mota na miƙe, a karya sitiyari zuwa cikin kwanar, a bar motar ta buɗe zuwa waje yayin fita. Masu shiri sukan jera 'yan robobi masu launi a bakin kwalta domin nuna wurin birki da wurin juyawa da tsakiyar kwana.

Dalilin wannan tsari yana ƙarƙashin motar. Abin da ke haɗa ta da ƙasa wurare huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba, kuma riƙon da taya ke iya yi yana da iyaka. Idan birki ya cinye riƙon duka, babu saura na juyawa. Kuskuren da ya fi kama sababbi shi ne shiga kwana da gudu fiye da kima, sannan tsoro ya sa su ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyarta. Nauyin motar sai ya koma gaba, bayanta ya yi sakayau, ya juyo. Motocin da injinsu ke tsakiya ko a baya, kamar 911, sun fi saurin yin haka. Maganinsa shi ne a shiga da sannu a fita da ƙarfi, kuma kada a kashe na'urorin da ke daidaita motar idan ta fara zamewa. Sabon shiga da ya ce na'urar tana takura masa, a mafi yawan lokuta tana rufa masa asiri ne bai sani ba.

Zagayen ƙarshe na kowane zama na hucewa ne, ana tafiya ba tare da wahalar da birki ba domin iska ta ratsa shi. Idan an tsaya kuma ba a jan birkin hannu, saboda zafi na iya sa ya manne ko ya lalata faifan. Masu shiri sukan yi kashedi na musamman game da la'asar, lokacin da gajiya ta taru, taya da birki sun ci jiki, shi kuma direba ya fara ganin ya iya. Da yawan gogaggu sukan haƙura da zaman ƙarshe gaba ɗaya.

Maganar kuɗi ita ce wadda ya kamata a faɗa wa mahalarci ƙarara tun kafin ya biya. Inshorar mota ta yau da kullum a Birtaniya da Amurka galibi ba ta ɗaukar nauyin abin da ya faru a filin tsere. Al'adar wurin ita ce kowa ya gyara motarsa, ko da wani ne ya buge shi, sai fa wanda ya sayi inshora ta musamman ta wannan yini. Ban da haka akwai fetur, wanda mota ke sha ninkin-ba-ninkin a fili, da taya da kayan birki da ke iya ƙarewa cikin 'yan ranaku.

Wurin da ya fi jan hankalin sababbi kuwa shi ne wanda ya fi rashin dacewa da su. Tsohon filin Nürburgring da ke tsaunukan Eifel na Jamus, wanda aka buɗe a 1927, tsawonsa ya kai kilomita 20.8, yana hawa da gangara na kusan mita 300 a cikin daji, kuma Jackie Stewart, zakaran duniya sau uku, shi ya laƙaba masa sunan da ke nufin koriyar jahannama. A ranakun da ake buɗe shi ga jama'a, duk mai lasisi da mota mai cikakkun takardu zai iya biya ya shiga. Babu zaman jan kunne, babu rabon rukuni, babu malami, shinge kuma yana daf da kwalta a yawancin wurare. Wanda ya yi haɗari zai biya kuɗin gyaran shingen, da na janwe, da na lokacin da aka rufe filin saboda shi.

A nahiyar Afirka, filin da ya fi suna shi ne Kyalami da ke kusa da Johannesburg, wanda ya karɓi gasar Formula 1 ta ƙarshe a 1993, kuma shugaban Porsche na Afirka ta Kudu, Toby Venter, ya saye shi a 2014 aka sabunta shi. A Najeriya, inda iyakar gudun motar gida a babbar hanya take kilomita 100 a sa'a, irin waɗannan motoci sun daina zama baƙi a Abuja da Legas da Kano, kuma wasan ganganci da mota a tituna da wuraren biki ya sha jawo asarar rayuka. Inda babu filin tsere a kusa, ƙungiyoyin Amurka suna da wata hanya mai sauƙi: su nemi izinin wani makeken filin ajiye motoci ko tsohon titin jirgi, su killace shi, su zana hanya da robobi, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda, a gudun da da wuya ya wuce na giya ta biyu. Ana koyon ido da birki da sarrafa nauyin mota a nan, kuma wanda ya yi kuskure roba kawai zai take.

Kashedin ƙarshe da ake yi wa mahalarta kafin su watse ya shafi hanyar gida. Bayan yini guda ana ganin kilomita 180 a allon mota, kilomita 100 kan zama kamar tafiyar ƙafa, kuma ido ba ya saurin komawa daidai. Shi ya sa ake umartar kowa ya mayar da iskar da ya rage a tayoyi bayan sun huce, ya leƙa birkinsa, ya ɗan zauna ya huta, sannan idan ya hau titi ya riƙa duban ma'aunin gudu a kilomitocin farko maimakon dogaro da yadda jikinsa ke ji.